Abin da ƙurar zinare ta bar mana a gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni haifaffiyar ƙaramar hukumar Anka ce a jihar Zamfara, daga ɗaya daga cikin ƙauyukan da gubar dalma ta shiga a shekarar 2010. Duk wanda ya bi labarin a rediyo ya san adadin da ake faɗa, cewa yara aƙalla 400 ne suka rasu. Biyu daga cikinsu 'yan gidanmu ne. Amma wanda ya sa na zauna na rubuta wannan shi ne na ukun, wanda ya rayu, domin irinsa ba sa shiga lissafin kowa.

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu. Mun taso gidan manoma, gero da dawa da wake, sai ɗan kiwo a bayan gida. Da an kai amfani rumbu maza su tafi ci-rani, mata su yi ta dabarar yadda hatsin zai kai damina, kuma sau da yawa ba ya kaiwa. Zinare ba sabon abu ba ne a ƙasarmu, tun zamanin kakanni akwai masu wanke yashi a bakin gulbi suna samun ɗan abin sayen gishiri. Abin da ya sauya shi ne farashi. Daga wajen 2008 zinare ya yi tsada a kasuwar duniya, masu saye suka riƙa zuwa har ƙauye, samari suka bar ci-rani suka koma haƙar rami a daji. Cikin ɗan lokaci aka ga babura a gidajen da ko keke babu, aka ga rufin kwano. Babanmu ya biya bashin da ya daɗe yana hana shi barci, ya yi wa Innarmu da abokiyar zamanta atamfa ba don sallah ta zo ba. Ina faɗar wannan ne domin har gobe ina jin mutanen birni suna cewa kwaɗayi ne ya kashe mana yara. Wanda bai taɓa ganin uwa tana auna hatsin dare da tafin hannu ba, bai kamata ya yanke wannan hukuncin ba.

Yadda aikin yake shi ne, maza su fasa dutse a rami su cika buhuna, a ɗauko a kan babur a kawo cikin gari. A ƙofar gida ko a zaure ake sa guduma a farfasa shi ƙanana. Daga nan a kai injin niƙa, irin injin da muke kai dawa, wani lokaci ma shi ɗin ne dai. Wanda bai kai inji ba mata su daka a turmi, kuma ana biyansu, shi ya sa kusan kowace mace a garinmu ta shiga. Ga matar da ke cikin kulle, wannan ce sana'ar farko da ta kawo mata kuɗin kanta masu kauri ba tare da ta taka ƙofar gida ba. In an niƙe sai a wanke garin a bakin tafki ko kusa da rijiya, a zuba zaiba ta kama zinaren, a ƙona ta a wuta ta tashi ta bar shi. Ragowar kuma ba a zubarwa, shanya ta ake yi a tsakar gida don a sake niƙawa. Wasu har tubali suka yi da wannan ƙasar suka gina ɗaki.

Ƙurar fara-fara ce mai ɗan ƙyalli. Tana kan tabarma, tana kan faifan da aka rufe tuwo, tana bakin randa, tana gashin kowa. Lokacin ina da shekara 12, aikina shara da tankaɗe da goyon Auta, wanda bai daɗe da fara rarrafe ba. Ƙanwata mai shekara uku ita kuwa ta fi son wannan ƙasar a kan kowace, saboda laushinta. Da ita take tuwon ƙasa a murfin gwangwani, ta kawo mini ta ce in ci.

Agwagi ne suka fara mutuwa. Aka ce annobar tsuntsaye ce, aka share aka zubar.

Da zafi ya shigo sai abin ya koma kan yara. Ƙanwata ta fara da ƙin abinci da riƙe ciki, ga rigima, yarinyar da a da ba ta da kuka. Sai amai. Baba ya karɓo maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis, aka yi allurai, babu sauƙi. Wani dare jikinta ya sandare, idanunta suka kafe sama, haƙora suka datse, ta shiga jijjiga. Aka yi tofi, aka yi hayaƙi, aka ɗura mata rubutu. Wasu suka ce sanƙarau ne tunda lokacinsa ne, wasu suka ce iska ce ta shigo gari. Jijjigar takan lafa ta dawo, har ranar da ba ta sake farfaɗowa ba. Kafin a yi sadakar arba'in ɗinta, ɗan abokiyar zaman Innarmu, wanda suke tsara, shi ma ya bi ta da irin wannan ciwon.

Innarmu ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Kakarmu ta dafa ta ta ce, "Ki yi haƙuri ɗiyata, Mai abu ya amshi abinai." Ta ce to. Amma ni da nake kwana a bayanta na san abin da take yi in dare ya raba. A kwanakin nan gaisuwar mutuwa ta zama zagaye, ka fito daga wannan gida ka shiga wancan, wadda ta zo yi maka jiya ita za ka je wa gobe. Daga baya masu binciken da suka zo daga CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, sun bi gida-gida a ƙauyukan Dareta da Yargalma, suka gano cewa cikin shekara guda an rasa ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar. Da na karanta wannan bayan na girma ban yi mamaki ba, na ga ƙananan kaburburan namu garin.

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka shigo yankin suna bibiyar sanƙarau, suka lura cewa wannan ciwon ba ya jin maganin sanƙarau, ba ya jin na zazzaɓi, kuma garuruwan da ake niƙa dutse ya fi yi wa ɓarna. Suka ɗebi jini suka aika Turai, sakamako ya dawo da dalma. Ashe jijiyar dutsen da ake samun zinaren a cikinta cike take da ita. Muddin dutsen yana ƙarƙashin ƙasa ba ruwansa da kowa, niƙan da muke yi ne ya mai da shi garin da yaro zai shaƙa, ya kuma kai baki da hannunsa.

Kada a ɗauka da jin haka kowa ya yarda. Maza da yawa sun ce dabara ce ta gwamnati don a ƙwace ramukan a ba manyan kamfanoni. Akwai gidajen da suka ɓoye mutuwar yaransu don kada a hana aikin. Wani dattijo a unguwarmu ya ce shi ya fi kowa shaƙar ƙurar, ga shi garau, ta yaya za ta tsallake shi ta kashe jariri? Tambayar tana da ma'ana, kuma amsarta ita ce abin da na fi so kowace uwa ta sani. Jikin ƙaramin yaro yana tsotsar dalmar da ya haɗiye ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai tsotsa. Shi ne ke rarrafe a ƙasa, shi ne komai ya samu sai baki, kuma ƙwaƙwalwarsa ce ke kan ginuwa. In kuma yana fama da ƙarancin jini ko rashin abinci mai gina jiki, kamar yawancin yaranmu, jikin ya fi saurin karɓarta.

Babanmu bai yi gardama ba. Ranar da aka yi bayani a ƙofar fadar mai gari, ya dawo ya kwashe buhunan dutsen da ke zaure ya fitar, ya ce wa matansa kada wadda ta sake sa dutse a turmi. Bai ƙara cewa komai ba, kuma daga ranar ya zama mutum mai yawan shiru. Daga baya masarauta ta ba da umarni a fitar da injinan niƙa daga cikin garuruwa.

Sai dai an riga an makara wa Auta. Yana bayana a goye na ji ya miƙe ya sandare, irin yadda na ga ƙanwata ta yi. Ban san lokacin da na kwance zanen ba. Wannan karon Baba bai tsaya jiran kowa ba, ya ɗora Inna da yaron a babur sai Anka, inda MSF ta buɗe sashen kula da masu gubar a asibiti. Ni aka biyo da ni daga baya don in riƙa taimaka mata. Na'urar da suke auna yawan dalma a jini da ita tana tsayawa ne a 65, in abin ya wuce nan sai dai ta nuna ya yi yawa. Na Auta ya wuce. Wata ma'aikaciya Bahaushiya ta zaunar da Inna ta ce, "Mama, a ƙa'ida in ya kai 45 ake fara ba da magani, naku ya haura inda injin ke iya karantawa. Za mu yi iya ƙoƙarinmu, ke kuma ki dage da ba shi a kan lokaci." Maganin sunansa DMSA, ƙwaya ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, aikinta ta kama dalmar da ke cikin jini ta fitar da ita ta fitsari. Makonni muka yi a wurin, ɗaki cike da iyaye mata daga Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da sauran garuruwa. Wasu sun koma da yaransu a goye, wasu sun koma da zani kawai. Akwai yaran da suka farfaɗo amma ba gani, akwai waɗanda wuyansu bai sake tsayawa ba.

Da aka sallame mu ba mu koma gida ba, domin likitoci sun ce ba amfanin wanke jinin yaro a mayar da shi cikin ƙasar da ta sa masa ciwon. Muka zauna wurin Gwaggonmu a cikin Anka. An riga an gyara Dareta da Yargalma kafin ruwa ya yi ƙarfi, namu garin sai bayan damina. Kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith ne suka jagoranci aikin tare da ma'aikatan jiha, samarin gari kuma su ne leburori. Suna da wata na'ura ta hannu da suke dannawa a ƙasa ta faɗi yawan dalmar da ke wurin, kuma a wasu gidajen abin ya ninka iyakar da aka yarda da ita a Amurka sau ɗaruruwa. Da fartanya da shebur aka kankare saman ƙasar kowane gida, ɗaki da tsakar gida da lungu, aka ɗure a buhuna aka kai wani rami a bayan gari aka binne, aka kawo sabuwar ƙasa aka shimfiɗa. Turmin Innarmu, wanda ta zo da shi tun aurenta, shi ma ya tafi.

Mutanen Bagega, garin da ya fi namu girma nesa ba kusa ba, sun fi mu shan jira. Sai a farkon 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin gyaran garin, bayan matasa sun yi ta gangamin SaveBagega a intanet, sannan aka fara yi wa yaransu magani. A 2015 kuma muka ji irin wannan ta faru a yankin Shikira da ke ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka rasu. Ranar da Baba ya ji a rediyo tashi ya yi ya bar wurin.

Mu dai a lokacin murna muke yi, Auta ya tashi. An ci gaba da auna jininsa ana maimaita masa magani, adadin yana sauka a hankali. Babu wanda ya ce mana ya warke sarai, amma haka muka so mu fahimta. Sai ga sa'anninsa suna gudu shi yana dafa bango. Magana ta zo a makare, ta zo a harɗe. Da aka sa shi makarantar allo abin ya fito fili: a biya masa aya yau, ya riƙe, gobe kamar bai taɓa jin ta ba. Malaminsu ya ɗauka taurin kai ne, ya yi ta bulala har yaron ya koma fitsari a wando da ya hango allo. Yara suka sa masa suna dolo, manya ma wasu suka ɗauka. Ga saurin fushi, abu kaɗan zai sa ya yi jifa da abin da ke hannunsa, in ya huce kuma ya zo ya kwanta a jikina yana kuka, shi kansa bai san abin da ya same shi ba. Wannan ya fi mini zafi a kan kwanakin asibiti. A asibiti kowa ya san mara lafiya ne, ana tausayinsa. A gari kuwa ana ganinsa da ƙafa da hannu, sai a ce iskanci ne ko rashin tarbiyya.

Wannan ma'aikaciyar da ta zaunar da Innarmu ita ce ta sa mini son aikin lafiya. Ban taɓa ganin mace mai magana irin tamu tana karanta takarda maza suna saurare ba. Da aka fara zancen aurena na sami Baba na durƙusa na ce, "Baba, ina roƙon ka bar ni in yi karatu." Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "Da akwai mai karatu a gidan nan, wataƙila da an gane da wuri. Je ki yi." 'Yan uwansa sun yi surutu, bai janye ba. Na zauna wurin Gwaggo na yi sakandare, daga baya na shiga makarantar koyon aikin lafiya. Kafin in gama 'yan bindiga sun tashi garinmu, iyayena suka baro gona da gidan da aka sha wahalar gyarawa, muka haɗu a Gusau.

A makaranta ne na fahimci ciwon ƙanena. Maganin da aka ba shi ya ceci ransa, amma ba ya gyara abin da dalma ta riga ta ɓata a ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira mara illa, ko kaɗan ce tana rage kaifin fahimta, tana taɓa ji da ɗabi'a, kuma yawancin yaran da take yi wa haka ba sa jijjiga, ba sa nuna wata alama da uwa za ta gani. Na tuna sa'annin Auta da ba a taɓa kwantar da su ba, waɗanda aka ce sun tsira, da yadda da yawansu suka kasa makaranta. Na kuma koyi abin da ya hana ni barci: jiki yana ɗaukar dalma kamar sinadarin ƙashi, ya ajiye ta a ƙashi da haƙori shekaru masu yawa, in mace ta sami ciki sai ta sake fitowa cikin jini ta ratsa zuwa ga ɗan tayi. Innarmu ta yi ɓari fiye da sau ɗaya bayan 2010, ba ta sake haihuwa ba. Ni kuma ni ce mai tankaɗe.

Shi ya sa da na yi aure na sami ciki, farin cikina bai cika ba. Na je awo na roƙi a auna mini dalma, aka ce ba su da na'urar. Wani ma'aikaci ma ya ce ai wannan zance ya wuce tun tuni. MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a farkon 2022 bayan kusan shekara 12, kuma mace irina, da ba yarinya ba ce ba kuma a ƙauyen take ba, ba ta da layin da za ta bi. Na koma ga abin da na sani, na riƙe maganin ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi ban yi wasa da su ba, na dage da madara da ganye da wake, na yi ta addu'a. Maigidana ya tsaya mini, ko da yake da farko ya ɗauka tsoro ne kawai irin na cikin fari. Allah ya sauke ni lafiya. Ranar suna da tsofaffi suka kawo kwalli za su sa wa jaririyar na hana, domin an sha gwada kwallin dutse a same shi cike da dalma. An ji haushina, surukata ta ce su da shi aka raine su. Na ba ta haƙuri, na ba ta labarin ƙanwata, ta mayar da tandun cikin jaka. Har yanzu ina bin girman yarinyar da ido fiye da yadda ya kamata, kowace sabuwar kalma ta faɗa sai na ji wani nauyi ya sauka.

Haƙar zinare ba ta tsaya ba. Gwamnatin tarayya ta haramta ta a Zamfara a 2019 saboda matsalar tsaro, ta ɗage haramcin a ƙarshen 2024, kuma tsakanin nan ma ba a daina ba. Farashin yau ya ninka na 2010 fiye da sau biyu, gona kuma ta gagara a wurare da yawa. Don haka ni ba na ce wa kowa ya bar rami, na san ba zai bari ba, kuma ba ni da abin da zan ba shi a madadi. Abin da nake faɗa wa matan da ke zuwa wurin aikina, musamman waɗanda mazansu ke zuwa daji, shi ne kada dutse ko buhunsa ya shigo gida ko da na kwana ɗaya ne. A niƙa shi nesa da gari, a jiƙe, don kada ƙura ta tashi. Maigida ya yi wanka ya sauya kaya da takalmi a can kafin ya dawo ya ɗauki ɗansa, kuma kada a haɗa wankin kayan aikinsa da na yara. A wanke wa yaro hannu kafin ya ci abinci. In yaro ya yi jijjiga a garin da ake wannan sana'a, a faɗa wa likita sana'ar gidan, kada a ɓoye. Wasu suna ji. Wani ɗan Kawuna kuwa da na yi masa wannan magana ya ce, "Yaya, yunwa tana kashewa yau, dalma sai an jima." Ban sami amsar da ta gamsar da shi ba, amma matarsa ta yi mini alkawarin buhu ba zai kwana a ɗakinta ba, kuma ina kiranta ina tambaya.

Auta yanzu ya zama saurayi, ya fi ni tsawo. Yana sallah, ya riƙe Fatiha da gajerun surori bayan shekaru muna maimaitawa tare da shi, ba duka ba tsawa. An taɓa samo masa wurin koyon gyaran batirin mota, na ce a'a, domin batir cike yake da dalma. Yanzu yana wurin wani maƙwabcinmu mai wankin hula, mutum mai haƙuri da na zauna na yi wa bayanin komai, kuma hannunsa ya faɗa sosai a aikin. Lissafin canji ne har yanzu yake ba shi wuya, don haka Inna ke karɓar kuɗinsa tana ajiye masa. Kwanan baya ya ce mata shi ma yana son aure kamar abokansa. Mun zauna da Baba a kan maganar, mun yanke cewa duk gidan da za a je nema masa, ni zan fara zuwa in gaya musu abin da ya same shi yana goye a bayana, su yanke shawara da saninsu.